Babban Yatsan Mairam

Tun ina yarinya mahaifiyata, wadda kowa ke kira Ya Kaka, take cewa ni ko zuma aka ba ni sai na shinshina kafin in lasa. Ban taɓa ɗaukar maganar a matsayin zagi ba. Macen da ta shekara goma sha biyu tana shugabar mata a mazaɓa, a garin Potiskum, inda za a karɓi atamfarki da safe a rantse da yamma ba a taɓa ganinki ba, dole hancinta ya yi tsini. Sunana Falmata, kuma a unguwarmu in aka ce matan Hajja Falmata, ana nufin mata sittin da ɗoriya da nake kaiwa rumfar zaɓe su dangwala inda Alhaji Umara ya ce.

Alhaji Umara babban dillali ne a kasuwar shanu, shi ne kuma jagoran ɓangarenmu a mazaɓar. Rumfar zaɓen ma a makarantar firamaren da ke kallon ƙofar gidansa take. Tunda aka fara siyasar nan ba a taɓa kayar da shi a wannan akwatin ba, kuma ba ya bari a manta. Ɗansa Zulkifli shi ne zai auri 'yata Sharifa. Su suka ga juna suka daidaita, namu kawai sa albarka, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin surukutar har cikin raina.

Da gangan muka sa bikin mako guda bayan zaɓen sanata na dubu biyu da goma sha tara. Takarar shekarar ta yi zafi, gari ya rabu biyu, har masu shayi kowa da irin mutanen da ke zama a bencinsa. Alhaji ya ce a bari a gama, sai a haɗa murna biyu a tukunya ɗaya. To ranar Asabar ɗin zaɓen muka tashi da safe, na ɗaura ɗankwali ke nan, sai rediyo ta ce an ɗage zaɓe zuwa Asabar mai zuwa. Wato ranar bikina. An riga an sayi sa, dangi sun taso daga Maiduguri da Damagum, babu halin fasawa. Aka janyo ɗaurin aure zuwa Juma'a, ƙunshi kuma ya faɗo Alhamis.

Ƙunshi a unguwarmu na Mairam ne, babu mai ja. Aminiyata ce ta shekara talatin, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, kuma katangar ma ta gaji da tsallake mu. Ita ta yi wa Sharifa wankan farko, ita ta ɗauke ta a baya lokacin da na kwanta jinya wata huɗu. Aibinta ɗaya a wurina: mijinta Babayo, tsohon direban tirela, shi ne wakilin ɗaya ɓangaren a akwatinmu. Mun daɗe da yin sulhu cewa siyasa a zaure take tsayawa, ba ta shiga tsakar gida. Amma ni ko ina dariya da ita, kunnena ɗaya a buɗe yake.

Al'adarmu, uwar amarya ita ke ɗaukar nauyin lallen duk macen da ta zo, kuma mu da asalinmu Barno ne ba ma wasa da shi. Ana tsoma yatsu goma ne har gaɓar farko, a bi da gishirin lalle su yi baƙi sidik. Da shi ake gane bikin gidan mutunci.

Ranar Alhamis da hantsi, kafin mata su taru, Mairam ta shigo da robar lallenta da ledar salatif. Ta ja ni ɗakin Ya Kaka, wadda ke kwance ta juya mana baya, ta rage murya.

"Ya Falmata, ina so in bar wa matan nan manyan yatsunsu fari. In naɗe su da salatif kafin in tsoma. An ce na'urar nan ta tantancewa ba ta son lalle."

Na tambaye ta wa ya ce. Ta ce a wurin Babayo ta ji, an faɗa musu a taron wakilai.

Da ta ce a rediyo ta ji, ko a bakin mai kayan miya, wallahi da na yarda. Amma Babayo? Kwana biyu kafin zaɓe, wakilin abokan hamayya ya aiko matarsa da sabon salon ƙunshi a gidana, don tsabar ƙaunar da yake wa ƙuri'unmu? Nan take na tuna jita-jitar da ke yawo cewa ɓangarensu sun raba sabulu da turmin atamfa a ɓoye, kuma za su sa wa matan da suka karɓa wata alama don a gane su a layi. Sai na ga abin a idona ƙarara: mata sittin, kowacce da farin yatsa ɗaya, suna tsaye a ƙofar gidan Alhaji Umara, mutanen Babayo na nuna su suna cewa ga matan Hajja Falmata nan sun sauya sheƙa. Su kuma dangin ango za su kalli hannuwanmu su ce uwar amarya ta yi rowar lalle.

Raina ya ɓaci. Na ce mata a gidana ba a rabin ƙunshi, kuma in na ji ta furta wannan magana ga mace ko ɗaya, ta kwashe robarta, akwai masu ƙunshi a Nangere. Na ƙara da cewa ta bi da gishiri sau biyu, ina so ya kama yadda ko makaho zai gani.

Ta dube ni. "To, Ya Falmata. Bikinki ne," in ji ta. Ta mayar da salatif ɗin cikin leda.

Ƙunshi kuwa ya yi kyau, ban taɓa ganin hannun Mairam ya faɗa kamar ranar ba. Aka yi wushe-wushe, shagalin daren biki irin namu na Barno, aka ɗaura aure bayan Juma'a, aka kai amarya. Surukaina mata suka riƙa juya hannuwansu suna yabawa. Na kwana ina ganin na toshe wata ƙofa da ba wanda ya lura da ita sai ni.

Asabar tun da sanyin safiya na jera matana a layi. Ni ce ta farko, don a ga misali. Malamar zaɓen ta karɓi katina, na'ura ta karanta, ta ce in ɗora yatsa. Na ɗora. Shiru. Ta ce in goge a zanina in sake. Na sake, na sauya hannu, na tofa yawu na murza, na'ura ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ta bayana ma haka, ta bayanta ma haka. Har yau ban san ko lallen ne kaɗai ba, ko na'urar ce da ma mai taurin kai, don akwai tsofaffi biyu marasa lalle da ta ƙi. Amma mu ta ƙi mu ne a jere, kuma hannuwanmu duk iri ɗaya, to me mutum zai ce?

Wakilai suka kaure da musu a kan abin da doka ta ce a yi. Wani ya ce a bar mu mu jefa, wani ya ce sam. Layi ya cushe, rana ta ɗaga, daga ƙarshe aka ce masu lalle su koma gefe, su je su wanke su dawo. Ka ji fa, a wanke ƙunshin Mairam mai gishiri biyu! Mata suka bazu gidaje, wannan da lemon tsami, wannan da toka, wata har da kananzir da dutsen goge kaushi. Ni na murje nawa har ya yi jini. Can da azahar aka sasanta aka bar waɗanda suka dawo muka jefa. Amma mace mai baƙi cike da gida da tukunya a wuta, in ta bar layi sau ɗaya, sai wani ikon Allah. Mu ashirin da uku muka dawo.

A tsakiyar wannan hargitsi na ga Mairam. Ta zo ita kaɗai, ta miƙa kati, ta ɗora yatsa, na'ura ta karɓa ba gardama. Hannunta duka ja ne da baƙi kamar kullum, sai babban yatsan dama, fari tas, har da shatin salatif. Ta juyo muka haɗa ido. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ce na gaya miki ba, ta ja mayafinta ta wuce gida. Ba ni kaɗai na ga yatsan ba.

Da yamma aka ƙirga a gaban kowa. An kayar da mu da ƙuri'a tara, a ƙofar gidan Alhaji Umara, yana zaune a kan kujerarsa yana kallo. Wanda ya ci kujerar sanatan kowa ya sani, ba shi ne labarina ba. Wannan akwatin ɗaya shi ne nawa.

Ranar Litinin da safe Alhaji ya tara mu a zaurensa. Abatcha, wakilinmu a akwatin, ya yi bayani yana satar kallona. Sannan Alhaji ya cire gilashinsa ya goge da gefen babbar riga, abin da yake yi ke nan in zai taya bijimi da farashin wulaƙanci.

"Hajja, a gidanki aka yi lallen nan. Matanki ne. Mutane suna magana, ni kuma ba na son in ji ta a bakin wani. Kuskure ne, ko shiri?"

Sharifa kwananta uku a cikin gidan nan, bayan wannan katangar da na jingina da ita. Ban yi ƙarya ba ranar, da wannan na riƙa lallashin kaina shekaru. Cewa kawai na yi, "Alhaji, ni ma jinina na zubar a kan yatsan nan. Ku dai ku tambayi kanku, yatsan wa ya fito fari, kuma matar wace ce."

Shi ke nan. Zauren ya ɗauki salati, Abatcha ya ce da ma shi ya gani da idonsa. Alhaji ya mayar da gilashinsa ya ce in yi haƙuri, an ci amanata.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwar hatsi. An sayi Mairam, ta zuba wani magani a lalle, an ba ta injin markaɗe, an yi mata alkawarin Makka, kowa da nasa ƙarin gishirin. Babayo kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya ƙarasa ta da kansa. Maimakon ya musanta, in an taya shi murnar dabara a majalisa sai ya shafa gemu ya yi murmushi, don bai taɓa samun irin wannan girma a siyasa ba. Amaren ɓangarenmu suka daina zuwa wurinta saboda haushi, na ɓangarensu kuma suka daina saboda wa zai miƙa hannunsa ga macen da ta iya cin amanar aminiyarta? Har karin magana aka yi da ita: in ciniki ya yi daɗi fiye da kima sai a ce a yi hattara, kar ya zama ƙunshin Mairam.

Na zauna ina jiran Mairam ta tona asirina. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In na ji muryarta ta katanga sai in kasa kunne, in na ga ta tsaya da wata a bakin famfo sai in laɓe ina kallon bakinta. Ba ta faɗa ba. Mako, wata, shekara. Wani zai ce ai sai hankalina ya kwanta, amma shirun ne ya fi tsorata ni. Na ce a raina wannan ajiye ta take yi, tana jiran ranar da za ta fi tsada. Da Sharifa ta haihu ban aika mata goron suna ba, don kar ta shigo taron surukaina da bakinta. Bayan shekara biyu Babayo ya rasu, ta sayar da 'yan komatsanta ta koma Danchuwa wurin yayyenta manoma. Na je gaisuwa cikin ayari, na zauna kusa da ƙofa.

Da zaɓe na gaba ya matso, Abatcha ya kawo mini saƙon Alhaji: in tara mata in ja musu kunne a kan lalle, in kuma tuna musu abin da Mairam ta yi. An ce sabuwar na'urar ma har fuska take dubawa, amma Alhaji ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Bayan Abatcha ya fita, Ya Kaka, da ke zaune a tabarma tana ɓare goro da ƙyar, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Falmata, ranar nan kin zaci barci nake. Ƙafafuna ne suka mutu, ba kunnena ba."

Ta ci gaba da ɓare goronta. Amma kar a yi mini kyakkyawan zato, ba kunya ce ta kai ni Danchuwa washegari ba. Lissafi na yi: in tsohuwa ta sani, wa kuma ya sani? Ga zaɓe ya zo, lokacin da tsohon labari ke tsada. Na tafi ne in shinshino abin da Mairam ke shirin yi.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, ta yi duhu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi Ya Kaka da jiki, ta tambayi Sharifa da yara, har sunan na biyun ta sani. Na yi ta kewaye-kewaye, ina zancen damina da tsadar taki, ina leƙen fuskarta ko zan ga wani abu. Da na rasa ta inda zan ɓullo, sai halina ya fito. Na ce mata in tana da niyyar faɗa wa mutane abin da ya faru a ɗakin Ya Kaka, gara ta faɗa mini ido da ido, na gaji da zaman jira.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Shekara huɗu kina jiran wannan? Ya Falmata, da zan faɗa ai ranar Litinin ɗin zan faɗa, da sauran masu zuwa ƙofata. Na ɗauki mayafi ma, na kai har bakin zauren Alhaji. Sai na hango Sharifa ta leƙo tana shanya, da lallena a ƙafarta. Na ce in na shiga na ce uwarta ce ta jawo masa wannan kunya, ita za ta riƙa cin tuwon gidan nan da maganar kullum. Ke kina da bakin kare kanki. Ita ba ta da shi."

Na rasa inda zan sa idona. Duk dabarun da na jera mata a kaina, ajiya da jira da ciniki, babu ko ɗaya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na fashe da kuka a gaban kajin mutane. Na ce ta yafe mini, na ce jibi a taron mata zan miƙe in faɗi gaskiya, in Alhaji ya ga dama ya karɓe shugabancinsa.

"Na yafe tuntuni," in ji ta. "Amma ba za ki faɗa ba. Har yanzu a gidan take, kuma har yanzu Alhaji bai manta ƙuri'a taran nan ba. Kina so ki sauke kayanki ne a kan yarinya? Ki bar shi a kaina, ni na riga na saba."

Na yi magiya, ta ƙi. Ta ce in dai ina son in yi mata wani abu, to kar sunanta ya sake fita daga bakina a taro, wannan kawai. Ta tashi ta auna mini gyaɗa kwano biyu, ta ce ɗaya na Ya Kaka, ɗaya in kai wa Sharifa in ce daga wata tsohuwar maƙwabciya.

Da ta miƙo ledar na ga hannuwanta sosai. Shekara talatin na san su, ban taɓa ganin su ba lalle ba, ko a jego, ko a zaman makoki, don lalle ya riga ya zama fatarta. Yanzu duk goman fari ne, sai kaushin fartanya da ƙasa a ƙarƙashin farce.

Ranar taron na miƙe na ce kowa ta bar lalle sai bayan zaɓe, na zauna. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Kar a maimaita ƙunshin Mairam!" Aka kwashe da dariya, har da tafi. Sharifa na layin gaba da goyo a bayanta, ita ma tana dariya. Na bar su suka gama, sannan na ce a ci gaba da abin da ya tara mu.